Almakashina da Takardar Tagogi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na juye gwangwanin biskit a kan teburin lauya ba. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, sannan in yi hamdala, don saura ƙiris cinikin gidanmu ya watse a hannuna.

A gidanmu na unguwar Stapleton, nan ƙasar waje, muka raini yaranmu. Da suka kama gabansu, gwiwoyin Baban Hafsa (maigidana ke nan) suka fara ƙin matakala, har wata rana na same shi zaune a tsakiyar bene yana jiran ciwo ya lafa. Muka samu gida mara hawa kusa da 'yarmu Hafsa a yankin Bronx, amma mai shi ya ce ba zai daɗe yana jiranmu ba. Dole mu sayar da namu da wuri.

Allah ya kawo mai saye. Sai lauyansa ya lura cewa mun taɓa faɗaɗa tagogin kicin, mun kuma fasa ƙofa ta bayan gida. A garin nan in ka taɓa bango, sai da izinin hukumar gine-gine, in an gama kuma a ba ka takardar shaidar an duba aikin. In babu wannan takarda, bankin mai saye ba zai motsa ba. Baban Hafsa ko a jikinsa, don shi mutum ne mai bin doka, ya ce tana cikin durowar ƙarƙashin talabijin. Ya buɗe, wayam.

To, ga inda na shigo. Maigidana sunan mahaifin Manzon Allah (SAW) gare shi, ni kuwa tun ina yarinya kakata ta hore ni cewa takardar da ke da sunan Allah ba ta shiga shara. A nan kuma wasiƙu kamar ruwan sama: na wuta, na gas, na masu tallan inshora, kowacce da sunansa ɓaro-ɓaro. Sai na samo dabara. In sa almakashi in yanke sunan, in jefa a gwangwanin biskit, sauran takardar ta tafi inda za ta. (Ya sha gaya mini malamai sun yi sauƙi a kan rubutun boko. Nakan ce to, in ci gaba da yankana.)

Da muka fara haɗa kaya, ni na share durowar nan tas. Na yanke sunaye, na naɗe tangaran ɗina da takardun. Don haka yana can yana zazzage akwatuna yana salati, ni kuwa na lallaɓa na buɗe kwalayen kicin. Na same ta kuwa, naɗe da murfin butar shayi, duk ta yamutse, da ramuka a duk inda sunansa ya taɓa zama.

Mai hankali da sai ta kai wa mijinta. Ni sai na tuna hawan jininsa, na ce bari in gyara abina shiru. Na goge ta da dutsen guga, na zaɓo sunaye daga gwangwani, na liƙa da gam. Ɗaya ma shuɗi ne, ina jin daga takardar wuta ya fito, wani kuma manyan baƙaƙe. A idona ta yi kyau. Na sa ta a ambulan na ce masa an samu, na cusa gwangwanin a jaka ko wani zai ɓalle a hanya.

Lauyanmu wani dattijon Bayahude ne mai 'yar hula a tsakar ka. Ya zaro takardar, ya ɗaga ta saitin fitila. Sannan a hankali ya tambayi Baban Hafsa ko ya san hukuncin wanda ya sauya suna a takardar gwamnati. Ya ce in lauyan mai saye ya ga wannan, ciniki ya mutu, wataƙila ma abin ya wuce nan.

Baban Hafsa ya karɓa ya duba. Mutumin da ko fitilar hanya bai taɓa tsallakewa ba, ga shi ana masa kallon ɗan jabu. Ya juyo gare ni.

"Hajiya," ya ce da Hausa, muryarsa ƙasa-ƙasa, "almakashin nan ne?"

Turancina na sakandare ya gudu ya bar ni. Na rasa yadda zan yi bayani, sai kawai na fito da gwangwanin na juye. Sunan mijina ya watsu a kan teburin mutum kamar an zubar da shinkafa, wasu suka faɗa ƙasa. Ni kuma da na ga sun taɓa ƙasa, sai na durƙusa da hijabina ina tsincewa a ƙarƙashin kujerar lauya, ina istigfari. Daga can ƙasan nake jin Baban Hafsa yana fassara masa halina.

Da na miƙe, na ga dattijon ya cire tabarau yana share ido, dariya ce ko mene ne ban sani ba. Ya ce mahaifiyarsa ma tana da irin akwatin nan, su ma ba sa yar da sunan Ubangiji, sai dai ita ba ta taɓa gwadawa da takardar hukuma ba. Ya duba ƙasan takardar, ya ga lambar aikin tana nan (Allah ya sa lamba ba ta da alfarma a wurina), ya shigar a kwamfuta. Ashe komai na ajiye a wurin hukumar. Kafin in gama mayar da sunaye gwangwani, sabuwa ta fito daga na'ura.

A mota Baban Hafsa bai yi faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, hawan jininsa ya fi son a gaya masa gaskiya da a liƙa masa ita da gam.

An yi ciniki, mun tare, yanzu daga ɗaki zuwa ƙofa ba ya ɗaga ƙafa. Ni kuma na koyi karanta takarda kafin in yi mata aski. Don ya huta da ni, ya sa aka mayar da takardun wuta da gas na sabon gida da sunana, yana ta murna da dabararsa. Na bar shi ya gama murnar. Ya manta sunan da ke bin nawa a kowace takarda na mahaifina ne, Allah ya jiƙan Malam, shi ma ma'anar sunansa bawan Mai Rahama ne.