Farashin Ƙona Shago

Wani bawan Allah ne, ko allura ba ya saye sai ya zagaya kasuwa ya ji farashi. Ana nan sai wani mai niƙa ya kafa inji daidai tagar ɗakinsa. Ƙara daga safe har yamma, gari kuwa har cikin hanci. Ya yi roƙo, ya tura dattawa, a banza. Ran nan ya ce wa matarsa shi kam ƙona shagon zai yi. Ta ce ya ji tsoron Allah, ɗauri ake yi. Ya ce ai shi ya sa zai fara tambaya.

Ya sa babbar riga, ya tafi ofishin 'yan sanda, ya yi sallama, ya samu benci ya zauna.

"Yallaɓai, ƙona shagon niƙa nawa ne?"

Ɗan sandan bai ko ɗago kai ba, ya ce shekara goma.

"Kai, da tsada. In rumfar gaba ce kawai fa?"

Aka ce uku, da biyan ɓarna. Ya tambaya ko ana ragi in mutum bai taɓa yi ba. Aka ce wannan sai alƙali. Ya yi godiya, ya ce bari ya ɗan zagaya ya dawo.

Ya je wurin magatakardan kotu, ya je wurin wani lauya, har gandiroban gidan yari sai da ya taya. Duk bakinsu ɗaya. Ya koma gida ya ce wa matarsa mutanen nan sun haɗa kai ne, ba a yi da talaka, ya haƙura.

Ba a jima ba, ran nan da rana tsaka, shagon ya kama da wuta, ya ƙone ƙurmus. Ba a ma sha wahalar bincike ba. Mutumin namu yana cikin alwala aka zo aka tafi da shi.

A kotu shaidu har layi suka yi: ɗan sanda, magatakarda, lauya, gandiroba. Kowa ya ce shi ne ya zo tambayar farashin ƙona shagon, har rigar da ya sa sai da suka faɗa. Shi kuwa rantsuwa yake yi cewa tayawa kawai ya yi, ba a sallama masa ba. Aka ajiye shi a tsare.

Sai bayan wata huɗu masu binciken gobara suka kawo rahoto cewa wayar injin ce ta yi tartsatsi. Alƙali ya ce ba shi da laifi, ya tafi gida. Matarsa ta fashe da kuka, 'yan uwa suna ta hamdala. Gogan naka bai motsa ba. Alƙali ya tambaye shi ko da saura magana.

Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, wata huɗun nan da na riga na biya, me zan iya ƙonawa da su?"