Ranar da Na Ba 'Yan Kwari Aron Fuskata

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Kantin Kwari ba, ranar da fuskata ta fito a katin shaidar mutanen da ban haɗa dangi da su ba, har da mata.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, kowa a gari zaɓe yake son yi. 'Yan acaɓa za su zaɓi shugaba, mahauta ma haka, har masu wankin mota. Ni kuwa ina aiki a wani shagon kwamfuta a Sabon Gari, wurin Oga Emeka, haihuwar Kano, wanda in ya saki Hausa sai ka ɗauka a Fagge aka yanke masa cibiya. Na ce aikin kwamfuta ne don in ji daɗin bakina. Gaskiyar magana, a gaban injin fotokofi nake wuni, kwamfutocin suna ɗakin ciki, ni da su sai leƙe. Abin yana cina ƙwarai, domin ina da difloma, kuma a gida ina da wata tsohuwar kwamfuta da na sa wa wata manhaja mai suna Linux, na karanci cikinta har na fara jin babu kamata a unguwarmu (babu ɗin kuwa, tunda ni kaɗai ke da kwamfuta).

Sai wata ƙungiyar masu sayar da atamfa ta kawo aiki. Za su yi zaɓe, suna son kowane ɗan ƙungiya ya sami kati mai hoto da hatimi, kada bare ya shigo ya kaɗa ƙuri'a. Oga yana shirin kiran mai hoto a ɗauka a wanke a yanka a manna, na tsoma baki. Na ce a ba ni kyamarar bidiyo da kwamfuta ɗaya, in ɗauki mutum in buga masa kati a wuni guda.

Ya dube ni ya ce, "Injiniya, waɗannan Alhazan ba sa son wasa fa. In ka fitar da ni kunya, ɗakin ciki naka ne. In ka kunyata ni, kai da fotokofi mutu-ka-raba."

Na ce na yarda. A raina na riga na rantse ba zan sake shaƙar zafin injin nan ba.

Sai na ɗan yi bayani a nan, ku yi haƙuri da ni. Kwamfuta tana yanka memorinta, wato inda take riƙe abin da take aiki a kai, gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana kiranta shafi. Mai kula da rabon shafukan shi ne kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, kuma yana da ikon ɗauke shafi ya canza masa wuri ba tare da firogiram ya sani ba. Kyamara kuwa ba ta san wannan ba. Adireshin da aka ba ta tun farko, nan take zuba hoto kai tsaye, ko da mai wurin ya tashi. Saboda haka dole ka roƙi kanel ya kafe shafukan, kada su motsa. Na rubuta firogiram ɗina, na kafe shafukan, na gwada a kan Inna da maƙwabta har suka fara ɓuya in sun hango ni. Komai ya fito daidai, sai dai ajiye hoto yana ɗaukar lokaci, mutum ya yi ta zama a kujera yana jira.

Da safiyar ranar aikin, ina shan koko, dabara ta faɗo mini. Me zai hana firogiram ɗin ya haifi wani (haka ake cewa a sana'ar, uba da ɗa), ɗan ya riƙa ajiye hotuna, uban ya ci gaba da ɗauka yana buga hatimin ƙungiya a gefen fuska? Layin rubutu kaɗan na ƙara wa firogiram ɗin, ya tashi ba tare da ƙorafi ba. Ban buɗe hoto ko ɗaya na duba ba, domin a ganina duba aiki na masu shakkar kansu ne.

A saman wani bene aka ba mu wuri. Muka rataya farin yadi a bango, muka ta da janareta, na ajiye ƙaramar talabijin da ke nuna abin da kyamara ke gani, don allon kwamfutar rubutu kawai yake nunawa. Na zauna a kujerar ɗaukar hoto na ɗauki kaina don in gwada haske, kumatuna cike da gurasa. Oga ya ce zai koma shago, sai bayan azahar zai kawo firinta.

Aka shiga layi, ni kuma na shiga mulki. Mutanen da in suka yi tari kasuwa ke girgiza, ni ne nake ce musu, "Alhaji, ɗaga haɓa. Alhaji, daina motsi." Shugaban riƙon ƙungiyar, Alhaji Bukar, dattijo ɗan asalin Barno da ya tsufa a Kwari, har tabarau na sa ya cire. Wani ya tambaye ni ina fim ɗin yake, na yi 'yar dariya na ce ai an wuce zamanin wankin hoto, mu yanzu da ilimi muke aiki. Allah ya yafe mini wannan dariyar.

Bayan azahar firinta ya iso. Alhaji Bukar ya ce a fara da nasa kowa ya gani, mutane suka kewaye teburin. Takarda ta fara fitowa a hankali. Hular zanna ta fito tsaf, goshi ya biyo. Daga nan sai ga waɗansu idanu a zazzare, hanci mai maiƙo, ɗan gashin baki da bai gama yanke shawarar fitowa ba, da kumatu a kumbure. A ƙasa kuma farin gemun Alhaji da wuyan babbar rigarsa.

Ya mayar da tabaransa, ya nesanta katin, ya matso da shi. Ya ce, "Yaro, hular tawa ce, gemun ma nawa ne. Wannan na tsakiyar waye?"

Wani daga baya ya ce, "Ai ga shi nan tsaye a gabanka, Alhaji."

Wata Hajiya Yagana, dillaliyar leshi, ta ce a buga nata ita ma. Na so in hana, Oga ya riga ya danna. Gyalenta ya fito a sama, sarƙar gwal a ƙasa, ni a tsakiya ina tauna. Ta duba ta ce, "Ikon Allah. Shekara da shekaru Alhajina bai taɓa gaya mini ina da gashin baki ba."

Benen ya ɗauki dariya har masu dako suna hawowa kallo. Wani ɗan takara kuma bai yi dariya ba, cewa ya yi an fara maguɗi tun kafin zaɓe, an shirya mutum ɗaya ya kaɗa ƙuri'ar kowa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, gumi ya jiƙa mini riga har baya. Oga ya matso kusa da kunnena ya ce, "Naɗe wayoyinka, zan kira mai hoto."

Da zuciyar gudu nake, ƙafafuna ma sun yarda. Amma na hango kaina da furfura a gaban injin fotokofi, sai na ce a'a. Na durƙusa gaban Alhaji Bukar na ce, "Baba, laifina ne, ba na Oga ba. A ba ni zuwa la'asar. In ban gyara ba, a kira mai hoto, ni zan riƙe masa jaka."

Ya ce, "Zuwa la'asar. Amma ka haɗiye abin da ke bakinka tukuna." (Babu komai a bakina, katin yake kallo.)

Na zauna na ajiye katunan biyu a gabana, na tilasta wa kaina kallon fuskar nan. Me ya sa tsakiya kaɗai? Sai na lura daidai inda hatimi ya fara nan fuskata ta fara, inda ya ƙare nan ta ƙare. Kuma jiya babu wannan, abin da ya ƙaru shi ne ɗan da na haifa da safe.

Nan karatun ya dawo mini. Kanel matsolo ne. In firogiram ya haifi ɗa, ba ya kwafa wa ɗan memori, sai ya bar su suna duba shafuka guda, kamar 'yan'uwa biyu a shago ɗaya. Sai wani ya zo yin rubutu a shafi, sannan kanel ya kwafa masa sabo ya mayar da shi can, ya bar wa ɗayan tsohon. To uban ne ya fara rubutu, lokacin da ya buga hatimi a hoton farko. Aka kwashe shi zuwa sababbin shafuka tare da abin da ke ciki, wato ni da gurasata. Kyamara kuwa tana nan tana zuba fuskokin Alhazai a tsofaffin shafukan da na kafe da hannuna, inda uban ya daina dubawa. Ɗan kuma abin da uban ya miƙa masa kawai yake ajiyewa. Shafukan sama da na ƙasa ba a taɓa su ba, shi ya sa huluna da gemuna suka tsira. Fuskokin gaskiya kuwa kowace ta goge ta gabanta, babu wadda ta rage.

Gyaran bai kai girman abin kunyar ba. Na sa a haifi ɗan tukuna kafin a kafe shafi, hatimin kuma a buga shi a kwafi daban, kada kowa ya sake taɓa wurin kyamara. Na zaunar da Oga na ɗauke shi, na buga, na duba sama da ƙasa da tsakiya. Shi ne, har da ɓacin ransa.

Abin da ya rage ya fi wuya: mutanen sun koma shagunansu. Na sauka na bi su layi-layi ina sallama ina roƙo. Wani ya ce in je in zauna a madadinsa tunda na saba. Wani ya kira maƙwabcinsa ya ce zo ka gaisa da fuskarka. Na haɗiye duka, ban bar ƙofar kowa ba sai ya taso. Waɗanda ban samu ba na dawo musu ranar Litinin, kuma kowane kati sai da mai shi ya duba ya ce shi ne kafin in sa masa leda. Aka yi zaɓe, ɗan takaran nan ya faɗi, amma bai ce ni na kayar da shi ba.

Oga ya cika alkawari, ya ba ni ɗakin ciki. Sai dai ranar da na shiga na tarar ya sa wa katin Hajiya Yagana firam ya kafa a saman kwamfutar, ya ce ranar da na cire shi ranar zan koma waje. Shekarun da na yi a shagon, a ƙarƙashin gyalen nan na yi su.

Da daɗewa bayan haka na karanta cewa masu rubuta kanel ɗin su ma sun sha fama da wannan matsala, har suka mayar da shi in shafi a kafe yake, ɗan ake kwafa wa nan take a bar uba a wurinsa. Na ji sanyi a raina, ashe manya ma sun yi tuntuɓe a wurin. Bambancin kawai, su a ɗaki suka yi nasu, ni a gaban Kwari. Shi ya sa har yau, komai ƙanƙantar gyaran da na yi, sai na buga na farko na kalle shi ni kaɗai, ƙofa a rufe, kafin in bari wani Alhaji ya cire tabarau.