Farar Ƙasa a Ganuwar Kakanninmu

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ƙarfe goma da kwata na safe, bayan yankan gero. Mu huɗu ne a kan dutsen da ke yamma da ƙauyenmu a ƙasar Batsari: ni, da mai unguwa, da Arɗo Buba mai kiwo a gindin dutsen, da wata Dokta masaniyar kayan tarihi daga jami'a.

A can sama kufan kakanninmu yake, da ragowar ganuwar da suka jera da duwatsu domin tare mahaya masu kawo hari. Shekara goma sha ɗaya ina rubuta wasiƙu, ina roƙon a zo a auna shekarun wurin, a sa shi cikin wuraren tarihi. Sai ga amsa ta zo: za a turo Dokta ta duba wurin.

A makarantar mishan aka horar da ni, inda ba a karɓar mai duba makaranta da ƙazamin fili. Saboda haka na tara mazan unguwa kwana shida. Muka share kufan tas. Muka ja igiya, muka miƙe ganuwar (a ganina kakannin ba su iya layi ba), muka shafe ta da farar ƙasa. Fasassun tukwane kuwa na wanke su da sabulu, na jera daga babba zuwa ƙarami. Tokar tsofaffin murafu muka zubar a kwazazzabo.

Dokta ta daɗe tana kallo.

"Baba, wa ya yi wannan ɓarnar?"

Na ɗauka kiwon Arɗo take nufi. Na juya zan yi masa faɗa.

"A'a, Malam, kar ka dube ni," in ji shi. "Shanuna sun shekara arba'in a nan, ba su taɓa riƙe tsintsiya ba."

Mai unguwa ya toshe baki da bakin rawaninsa.

Cikin ladabi Dokta ta bayyana mini cewa da tokar nan ake gane shekaru, kuma kasko ba ya ba da labari sai a inda ya faɗi. Wato abin da mahaya da damina suka bari, ni na ƙarasa shi cikin mako guda, da kyakkyawar niyya. Na koyi, a makare, cewa ba kowane hargitsi ne yake jiran gyarana ba.

Ta ce za ta dawo ta haƙa gefen da hannuna bai kai ba. Kafin rani 'yan bindiga suka mamaye dajin. Ba ta dawo ba, kuma ba a sa wurin cikin wuraren tarihi ba.