Aukuso da Tankin Goggo Talaleu

"Ni fa mota in ta gan ni, da kanta take faɗa min abin da ke damunta," in ji Aukuso, yana shafa tumbi. "A Auckland, motar da ta gagari Turawa ni ake aiko wa. In kara kunne a bonet, in ce a canza kaza, shi ke nan an gama."

Abokina, kada maganar ta ruɗe ka. Matarsa Sinalei ta riga ta tsegunta wa matan ƙauyenmu cewa tabbas a gareji mijinta ya yi aiki, amma da soso da bokiti. Sai dai tunda ya dawo tsibirinmu Savai'i da baƙin tabarau da jar akwatin sifanu wadda ko tabon maiko babu a jikinta, wa ya isa ya tanka masa? Mu dai a bayan idonsa Injiniyan Kumfa muke ce masa.

Kuma ba banza ta dawo da shi ba. Kawunsu mai riƙe da sarautar gidan ya rasu, dangi za su taru ranar Asabar a ƙauyen kakanninsu su zaɓi magaji. Kowa zai yi magana, amma kowa ya san inda Goggo Talaleu ta karkata nan zance zai tsaya. Masu nema biyu ne: Aukuso, da ɗan baffansa Faleniko, wani masunci mai son barci da tsokana. Aukuso na son sarautar nan har yana kwana yana gwada jawabi a gaban madubi.

Ana saura kwana kaɗan sai a-kori-kurar Goggo, wadda za ta kwashi tabarmi da gwaza zuwa taron, ta ƙi tashi. Direban bas ya saurara ya ce famfon mai ne ya mutu, yana cikin tanki, kuma sai an sauke tankin. Aka aika gari aka sayo sabo.

"Goggo, wa za a kai wa?" in ji Aukuso. "Ina raye? Kafin ki gama shan kokonki na sauke, na canza, na mayar."

Goggo ta dube shi ta saman tabarau. "Motar nan ita kaɗai gare ni, ɗan nan."

"Ai a hannun ƙwararre take."

Mai hankali a bayan gida zai yi aikin, ƙarƙashin bishiya. Gogan naka cewa ya yi a tura motar har tsakiyar filin ƙauye, inda kowane gida ke hangowa, don ka san gidajenmu ginshiƙai ne da rufi, ba bango. Wai hasken can ya fi kyau. Da aka tambaye shi jak na ɗaga mota, ya ce nasa yana jirgin ruwa bai iso ba, saboda haka aka ɗora tayoyin baya kan gungumen kwakwa don tumbin ya samu hanyar shiga. Ya tuɓe rigarsa da farin wandonsa na Auckland kada su ɓaci, ya ɗaura zane kamar sauran maza, ba komai a ciki saboda zafi.

Faleniko ya zo ya jingina da motar yana hamma. "Yaya, tankin nan fa a cike yake. Goggo ba ta barin man ya yi ƙasa. Ba za ka zuƙe man ba tukuna?"

"Kai za ka koya min? Kawo tiyo."

Ya zura tiyo, ya sa baki ya ja. Shiru. Ya sake ja da dukan ƙarfinsa, sai fetur ya taho masa har maƙogwaro. Ya yi ta tari yana tofarwa, hawaye shaɓe-shaɓe, tiyon kuma ya zame ya faɗi ƙasa.

"Ɗanɗanawa nake," in ji shi da ya samu numfashi. "Man nan an gauraya shi. Kuma mu a can ba ma zuƙewa, wannan aikin 'yan koyo ne. Da mansa ake saukewa."

"To in shigo in tallafa maka?"

"Don gobe ka tashi gaban dangi ka ce kai ka gyara? Na gano ka, Faleniko. Ku ji nan, jama'a. Duk wanda ya taɓa motar nan ko ya leƙo ƙarƙashinta, ni da shi ne."

"An daina," in ji Faleniko, ya koma inuwa ya miƙe ƙafa.

Daga nan sai ƙafafun Aukuso kawai ake gani da ƙarar ƙwanƙwasa. Iskar teku ta cinye notikan da tsatsa, shi kuma bai san wane sifana ke shiga wane noti ba, sai ya gwada su duka. Rana ta take, ta karkata. Ya tumɓuke babban tiyon da ake zuba mai ta cikinsa, ya bar bakin a buɗe. Ya kwance ɗamarar ƙarfe ta farko daga cikin biyun da ke riƙe da tankin, ya yi shela daga ƙasa cewa aiki ya zo ƙarshe.

Sinalei ta kawo masa dafaffiyar ayaba. "Maigida, rana ta kusa faɗuwa. Ka bari sai da safe mana."

"Noti ɗaya ya rage, mace. Je ki faɗa wa Goggo ta shirya tukuici."

To ka san dokar ƙauyenmu. In aka busa ƙahon katantanwa da yamma, lokacin shiru ya yi: kowa ya shige gida addu'a, wanda ya makara ya zauna inda yake, ba tafiya, ba magana, har a sake busawa. Samari masu fararen riguna kan jeru bakin hanya suna tsaro. Wanda ya karya, dattawa su ci gidansu tara, a kira sunan gidan a bainar jama'a. Mai neman sarauta kuwa ya jawo wa dangi wannan kunya ana gobe-jibi zaɓe, to ya haƙura kawai.

Notin ƙarshe ya ƙi, ya ƙi, sannan ya karye ƙaras, daidai lokacin da aka busa ƙahon. Tankin ya sauko tim a kan tumbin Injiniyan Kumfa.

Ya buɗe baki zai kira Faleniko, ya tuna ƙaho, ya rufe. Ta gefen ido yana ganin ƙafafun 'yan kallo suna watsewa. Faleniko ya tashi ya karkaɗe zanensa ya wuce gida, ko leƙowa bai yi ba, tunda an hana shi. Fili ya yi tsit, gidaje suka ɗauki waƙar addu'a.

Nauyin tankin ya kai na ƙaton mutum. Aukuso ya tokare shi da gwiwoyi da tafin hannu, yana numfashi kaɗan-kaɗan, yana ce wa ransa ai shirun ba ya daɗewa. Sai tankin ya karkata, fetur ya fara kwararowa ta bakin da ya bari a buɗe. Ya bi ta ƙirji, ya zagaya tumbi, ya gangara cikin zane, ya sauka inda bai kamata ba. Da fari sanyi ya ji, har ya ɗan ji daɗi. Can sai wurin ya ɗauki raɗaɗi kamar an zuba masa dakakken barkono.

Ya cije leɓe, ya runtse ido, ya tuna jawabin madubi. Wallahi a nan kam ya yi ƙoƙari, ban rage masa ba. Amma a ran nan dattijon da ke ba da umarnin busa ƙaho na biyu yana da baƙi daga gari, addu'arsa ta ƙi ƙarewa. Wani kare ya zo ya shinshina ƙafarsa, ya yi atishawa ya tafi.

Da azaba ta kai masa karo, ya tattara ƙarfinsa ya ture tankin gefe. Tankin ya faɗi a kan zanensa ya danne. Aukuso ya sulale ya fito, zanen ya zauna.

Ya ja zanen, bai zo ba. Ya sake ja. Raɗaɗin ya ƙara tashi, sai ya saki ya kurma ihun da aka ji har coci, ya zuba a guje ya nufi teku. Hanyar teku kuwa ta gaban gidaje take, kuma na gaya maka ba bango. Gida bayan gida waƙa ta riƙa yankewa. Samarin tsaro sun rasa ko su bi shi ko su rufe ido. Matar fasto ta kare fuska da littafin waƙa, amma an ce ta saman littafin take kallo. Ya ratsa ta gaban gidan Goggo Talaleu, hannu ɗaya gaba ɗaya baya, baƙin tabarau kaɗai a jikinsa, ya faɗa ruwa tsundum. Yana shiga aka busa ƙaho na biyu.

Washegari dattawa suka zauna, aka kira sunan gidan, aka ci su tarar tabarmi da kifin gwangwani, daga cikin kayan da aka tanada don taron. Ranar Asabar a bas aka loda abin da ya rage. Motar Goggo tana nan kan gungume, cikinta a ƙasa, sabon famfo ko daga kwalinsa bai fito ba.

Kana tsammanin zai ɓuya? Ai ba ka san Aukuso ba. Ya je taron, sai dai bai iya tanƙwashe ƙafa kamar kowa ba, a gicciye ya zauna yana yamutsa fuska. Da aka zo kansa ya gyara murya.

"Goggo, iyaye, dangi. Abin da ya faru laifin tankin ne, irinsa ba a yayinsa a Auckland. Ni dai roƙona, kada ku yanke hukunci da wuri. Na daɗe ba na gida, ba ku gama sanina ba. Ku ba ni sarautar nan, sannan za ku ga abin da nake da shi."

Faleniko ya sunkuyar da kai, yana danne dariya. Goggo Talaleu ta cire tabarau, ta goge a hankali da bakin zaninta, ta mayar.

"Aukuso, ɗana, zauna daidai in za ka iya," in ji ta. "Abin da kake da shi duk ƙauye ya gani ran nan, gaba da baya, har da matar fasto. Mun duba da kyau, ba mu ga abin naɗawa ba."