Rasuwar Kankana, Tanar Roba Mai Ɗan Kunnen Azurfa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya kuma daidai gwargwado, Mista Wendell Purvis na bakin tafkin Tolliver, a gabashin Texas, yana sanar da 'yan'uwa da abokan fatsa rasuwar Kankana, tanar roba mai tsawon tafin hannu. Ta rabu da mu ranar Asabar da hantsi, a gindin mataccen itacen nan da ke tsaye cikin ruwa. Ta rasu a bakin aiki, tana da shekara uku a ƙugiya.

An haifi marigayiya a leda ɗaya da 'yan'uwanta tara, dukkansu koraye masu ɗigon ja, dalilin sunanta ke nan. Babu wanda ya sa mata ran tsawon kwana, domin irinta, kifin bas uku ko huɗu in sun tauna sai a jefar. Darajarta ta fito ne wata bazara da ruwan sama ya dama tafkin ya koma kalar laka, kifi ba ya ganin koto ko da a gaban hancinsa yake. Maganin wannan kowa ya san shi: a maƙala wa wutsiyar tana ɗan ganyen ƙarfe mai juyawa, yana ƙyalli yana kaɗa ruwa, kifin da bai gani ba ya ji motsi ya biyo. Safiyar gasar ƙungiyarsu ta masu fatsa Wendell ya zazzage akwatin kayan fatsarsa, babu ganye ko ɗaya. Sai idonsa ya faɗa kan 'yan kunnen matarsa Earlene a gefen famfon kicin, na azurfa, sirara masu siffar ganye, waɗanda ta gada daga mahaifiyarta. Ya ɗauki ɗaya, ya sa filaya, ya maƙala. Ya ce wa kansa aro ne, da yamma zai mayar.

Yammar da ba ta zo ba ke nan, don a ranar Kankana ta kamo masa kifi bakwai alhali sauran jama'a sun koma gida da zafin rana kawai. Shekara uku Earlene tana neman ɗan kunnenta, shekara uku mijinta yana taya ta nema. Shi ya kwance bututun famfo, shi ya ɗaga gado, shi ne kuma ya fara cewa ƙila karensu Otis ya haɗiye. Duk wannan lokacin tsoro ɗaya ne a cikinsa, ranar da za ta gane.

Marigayiya mai haƙuri ce. An jefa ta cikin ciyawa, an ja ta ta kan dutse, an manta da ita a rana har ta yi laushi, ba ta taɓa ƙorafi ba. Maganarta ba ta wuce biyu: tuɓ, in ta faɗa ruwa, sai fir-fir-fir ɗin nan na azurfa da Wendell yake rantsuwa yana ji har cikin gwiwar hannunsa. Ita ce ta ciyo masa kofin ƙungiya a shekararta ta biyu, har jaridar gari ta buga hotonsa yana washe baki, kifi a hannu. Bai taɓa ara wa kowa ita ba. In aka tambaye shi a wane shago ya samo irin wannan ganye, sai ya kama zancen yanayi.

Ta daɗe tana fama da ciwon wutsiya, daidai inda ƙarfen yake shiga jikinta. An yi mata aiki da gam ya fi sau goma, sau biyu an gasa wurin da ashana ya haɗe. Amma gaskiya ta fi, ba ciwon ne ya kashe ta ba. Duk wanda ya taɓa riƙe sandar fatsa ya san bakin bas kaushi gare shi, yana cin zare a hankali, shi ya sa bayan 'yan kifaye ake yanke bakin zaren a sake ƙulli. Safiyar nan Wendell ya kama biyar a ƙulli ɗaya. Dub Harlow, ƙanin matarsa kuma abokin wasansa, yana zaune a bayan jirgin ruwansu yana kallo.

"Mijin Yaya, sake ƙullin nan mana, ko sai an yi maka hutun makaranta?"

"Bari in ƙara jifa ɗaya," in ji Wendell.

Jifa ɗayan ne ya kai ta. Wata uwar kifi da aka daɗe ana labarinta ta fito daga gindin itacen, ta haɗiye Kankana, sanda ta lanƙwashe. Kifin ya yi tsalle sama, azurfa ta yi walƙiya a gefen bakinsa, Dub ya ƙura ido ya ce, "Kai, wannan ba na Mama ba ne?" Nan take zaren ya tsinke a ƙulli. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce tas.

Ta rasu ta bar 'yan'uwa biyu a cikin leda, da sandar da suka yi zaman lafiya tare, da gurbi guda a akwati wanda babu mai cika shi. Ta bar Otis, wanda iyali ke neman afuwarsa a bainar jama'a. Ta kuma bar tagwainiyarta, ɗan kunne ɗaya tilo a aljihun madubin Earlene.

Dub ya ba Wendell kwana uku ya faɗa da bakinsa, in ba haka ba shi zai faɗa, kuma a coci. Rana dubu ta ɓarawo. Ran Talata da safe Wendell ya tsaya a kicin, hula a hannu, ya karanta wa matarsa rubutun farko na wannan takarda kafin a liƙa ta a shagon koto, yana jiran abin da zai biyo baya. Earlene ta bari sai da ya kai ƙarshe. Sannan ta jawo aljihun tebur ta fito da tsohon hoton jaridar nan, ta ɗora yatsa a bakin kifin, inda wani ɗan abu yake ƙyalli.

"Tun ranar da aka buga shi na sani," ta ce. "Ba ɗan kunnen ne ya ci mini rai ba, Wendell. Ka bar ni ina rarrafe ƙarƙashin gado kana haska mini tocila. Kullum ina cewa yau zai faɗa."

Wendell ya ji kunyar da bai taɓa ji ba a rayuwarsa, ya rasa inda zai sa hular.

"Mama ce ta koya wa Dub fatsa, ni ma ita ta koya mini," in ji ta. "Da tana raye, da ka roƙa, da hannunta za ta cire ta ba ka."

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe bakwai na safe a mashigar jirage, ba tare da gawa ba. Bayan nan akwai soyayyar tarwaɗa da burodin masara da shayi mai ƙanƙara a zauren coci. Iyali sun roƙi kada a kawo furanni, kada kuma a yi wa Wendell tambaya. Daga mashiga jirgi ɗaya zai wuce gindin mataccen itacen. Misis Purvis za ta zauna a gaba da sandar mahaifiyarta, ta maƙala ɗan kunnen da ya rage a wutsiyar ɗaya daga cikin 'yan'uwan marigayiya, ta ce za ta je karɓo kayanta. Wendell shi ne matuƙi. Ƙullin kuwa ita za ta ɗaura.