Kwandon da Ya Sauko Daga Hawa na Huɗu

Ko tsufa ya kama ni har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da wani yammacin Talata a Hayyin Ashir ba, ranar da na ja maƙwabtana muka fita neman mai laifi, ina gaba suna biye, da 'yar takarda a hannuna kamar alƙali.

Lokacin ina digiri na biyu a Alƙahira, ni da matata Rukayya muna haya a hawa na huɗu na wani dogon bene. Sai karnukan titi suka mai da ƙofar gidan masauki. Da farko biyu ne, kafin wata uku sun zama bakwai. Ba su taɓa cizon kowa ba, amma in suka jeru a bakin ƙofa sai ka yi shahada kafin ka fita. Ranar da jikar Hajiya Batulu (wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan da ke hawa na biyu) ta tsorata ta ruga har ta faɗi ta fasa gwiwa, mai gidan ya ce khalas, ya isa haka. Ya aiko Ammu Sa'id, mai gadinmu, ya bi ƙofa-ƙofa yana sanarwa: ranar Juma'a za a zuba musu guba a nama.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba wai ina ƙaunar kare ba ne, ni ma in na hango su hanya nake canzawa. Amma a kashe rai bakwai don sun kwanta a inuwa? Na saka jallabiyata mai guga na tafi wurin mai gidan, na zuba masa Larabcin littafi, mai wasali a ƙarshen kowace kalma (irin wanda in ka yi wa Bamisire sai ya dube ka kamar ka fito daga talabijin). Na ce masa a unguwar mafarauta na tashi, na san kare ba ya zama inda babu ci. In aka yanke musu abinci, da ƙafarsu za su tafi. Ya gaji da ni ya ce, "Tamam ya Sheikh. Na ƙara maka mako ɗaya. In suna nan, ba ruwana."

Kuma wallahi na yi aiki, wannan ko maƙiyina zai shaida. Na samo murfi na rufe durom ɗin shara. Na tara yaran gidan na koya musu cewa ba a gudu, tsayawa ake yi a tafa hannu a daka tsawa. Na rubuta sanarwa da Larabci da Hausa na manna a bakin matakala cewa an hana ciyar da karnuka. Kwana biyar suka wuce, karnuka suna nan, har wani sheƙi suke yi. Na ce lallai akwai munafukin da ke ba su abinci a ɓoye. Babu wanda ban zarga ba, har mai sayar da wake na bakin layi sai da na yi masa kallon banza.

To, ga wani abu da ko sau ɗaya ban haɗa shi da wannan magana ba. A gidanmu ba a zuba abinci a shara. Mahaifiyata ta gwammace ka fasa mata kwano da ta ga tuwo a bola. Wata rana ina bin bayan benen, inda akwai wani kango, na ga wata ramammiyar kyanwa daidai ƙasan tagar kicin ɗinmu. Sai na sayo sabat, kwandon nan mai igiya da Misrawa ke zurowa daga sama mai burodi ya saka musu. Na ce wa Rukayya kullum bayan la'asar a saka ragowar abinci a roba a zura wa baiwar Allah. Tagar tana can sama da wurin wanke-wanke, sai ka yi ɗage kake zura hannu, ba ka ganin ƙasa. Kullum robar ta dawo tas, har ƙashin kaza babu. Ni kuwa sai in ce, "Kyanwar nan akwai ci, masha Allah." (Ku tuna fa, a lokacin har darasin manɗiƙ, wato ilimin kafa hujja da hankali, nake koya wa ƙananan ɗalibai.)

Ranar Talata, saura kwana uku wa'adi ya cika, na tara kwamiti: mai gidan, da Ammu Sa'id, da Hajiya Batulu, da wasu maƙwabta. Na lura kullum bayan la'asar karnukan kan ɓace daga ƙofa, don haka na ce mu bi su a baya mu kama mai laifi da hannu dumu-dumu. Suka kewaya da mu bayan gida, cikin kango. Ga guntattakin ƙasusuwa nan birjik. Na sa kara na ɗago ɗaya, na gyara murya.

"Ya jama'a," na ce, "duk wanda ke wannan aiki ba ya tausayin yaranmu, ba ya tausayin dabbobin nan ma, don shi zai ja musu guba. Ya kamata ya ji kunya!"

Ina cikin magana na lura babu mai kallona. Karnukan bakwai sun zauna reras sun ɗaga kai sama suna kaɗa bindi. Mutanen ma sama suke kallo. Na ɗaga kai. Kwando ne ke saukowa a hankali, yana lilo, ya wuce hawa na uku, ya wuce na biyu, ya zo ya goge mini hula kafin ya dire a gabana. A ciki ga malmalar tuwo guda da rabi, ga miya, ga ƙasusuwan kazar jiya. Daga can sama kuma muryar matata, tangaran:

"Mus-mus-mus! Zo ki ci, 'yar gidan Malam!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ammu Sa'id ya leƙa robar ya ce, "Wannan wane irin abinci ne, ya Sheikh?" Kuma a nan na tafka abin da ya fi komai ba ni kunya har yau. Na ce, "Kamar mulukiyya ce," wato miyar lalon da kowane Bamisire ke yi.

Hajiya Batulu ta riƙe haɓa. "Ɗana, ka ji tsoron Allah. Mulukiyya da tuwo? Kuka ce wannan, tun daga nan nake jin daddawa." Ta ɗaga murya, "Rukayya!"

Aka ji jan kujera, sai ga kan Rukayya ya leƙo. "Na'am Hajiya! Lah, Malam, me kuke yi a nan? Ina kyanwar?"

Mai gidan ya yi dariya har sai da ya dafa bango yana tari. Ni kuwa na cire hula na ce, da Larabcin kasuwa wannan karon, "Ni ne. Wata uku ke nan ni ne. Amma ka ga maganata ta tabbata, abinci ne ya tara su. Ka ba ni lokaci." Yana share hawaye ya ce, "Ma'alish, ba komai ya Sheikh. Don wannan dariyar kaɗai na ƙara maka mako biyu."

Daga ranar kwando bai sake sauka ba. Ragowar abinci da kaina nake hawa da shi saman bene in ba wa agwagin da matar Ammu Sa'id ke kiwo a can. Kwana uku karnukan suna zuwa ƙasan taga suna kuka, Rukayya tana toshe kunne tana cewa ni na ja mana alhaki. Raina bai so ba, amma na daure. A hankali suka fara raguwa, suka koma can wajen mahauta a ƙarshen kasuwa. Ranar da wa'adi ya cika, mai gidan ya zo ya tarar da tsohon kare guda ɗaya yana barci a ƙarƙashin mota, jikar Hajiya ta tafa masa hannu ya tashi ya ba ta hanya. Ba a zuba gubar ba.

Har na bar unguwar sunana Sheikh Sabat, yara da manya, kuma ina amsawa da ƙarfi. Abin da na koya shi ne, kafin ka tara jama'a neman mai laifi, ka fara hawa kujera ka leƙa ta tagar gidanka. Amma ina alfahari, ba na ɓoyewa. Rai bakwai aka yi niyyar kashewa, ba a kashe ko ɗaya ba. Mutuncina ne kaɗai ya sha gubar, shi ma ya ɗan yi jinya ya miƙe.