Ragon da Na Aro a Gidan Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da kakar shekarar da na yi aure, can ƙarshen shekarun casa'in, kuma har gobe idan na tuna sai raina ya ɓaci. Ni tela ne a garin Diffa, da zare da almakashi na tashi, ba da garke ba. Amma matata Falmata ta zo da tumaki huɗu daga gidansu a Chetimari, nan da nan na fara jin kaina makiyayi.

Damina ta ɗauke, tumakin sun ƙoshi da ɗanyar ciyawar bakin kogin Komadugu, ga harawa ta shigo. Kowa ya san lokacin barbara ke nan, don su haihu kafin zafin bazara ya kankama. Falmata ta tafi Geskeru jinyar yayarta, ta bar mini sallahu in je wurin Baba, mahaifinta, in aro rago.

Na iske Baba yana dashen tattasai. Ya wanke hannu, ya kai ni garke, ya ce in zaɓa. Idona ya faɗa kan wani farin balami, ƙato, wuya kamar turmi. Na ce, "Baba, wannan."

Tsohon ya yi tari. Ya dubi ƙasa. Ya nuna wani ƙanjamammen rago mai wari da ke ta tunkuyar turke, ya ce, "Wancan fa, ɗana?"

(A raina na ce, lallai rowa ba ta tsufa. Ka ba ni 'ya sukutum, ka hana ni aron rago?)

Na ce, "A'a Baba, wannan ɗin dai." Ya sake tari, ya ce, "To, Allah ya sa albarka."

Na sauke ragon daga motar kasuwa, unguwa ta fito kallo. Ni da bakina na yi shela cewa duk mai tunkiya ya kawo, iri na gari ya zo. Ya Fanna, maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai, ta kawo nata uku, har ta sallami ragon ƙaninta da ta saba arowa. Wasu ma suka kawo. Kowa kuma ya haɗo da damin harawa da dusa da ɗan kanwa, wai don ango ya ji ƙarfi.

Ango kuwa ya ci. Wallahi ban taɓa ganin ci irin nasa ba. Tumaki na zagaya shi, suna goga masa jiki, shi kuwa ko kallo, sai tuƙa yake yana lumshe ido. Na ce baƙunta ce. Ana haka Baba ya aiko da ƙanjamammen nan a mota, ba saƙo ba bayani. Na fusata, na ce wato so yake ya karɓe nasa da dabara, na mayar masa da shi a motar da ta kawo shi.

Sanyi ya fara shigowa sannan Falmata ta dawo. Matan unguwa sun cika tsakar gida yi mata sannu da zuwa, ni kuma ina tsaye ina shafa wuyan rago, jira nake a yaba. Ta ajiye kaya, ta ƙura masa ido, ta dafe ƙirji.

"Maigida, wannan ai ragon layyar Baba ne! Tun yana ƙarami aka dandaƙe shi."

Ya Fanna ta durƙusa, ta leƙa ƙarƙashinsa, ta miƙe tana tafa hannu. "La ilaha! Tela, harawata ka ba wannan? Duk tsawon lokacin nan ba ka ko sunkuya ba? Kai da ke auna mutane da tef!"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma ku yi mini adalci. Tsohon nan ya sani! Kunyar suruki ce ta hana shi buɗe baki ya ambaci abin da ragon ya rasa a gaban mijin 'yarsa, sai tari. To ni likita ne da zan fassara tari? Da na yi wa Falmata wannan ƙorafi sai ta ce, "So kake Baba ya faɗi wannan magana a gabanka? Ai ya aiko maka da ɗayan, ka koro shi."

Dole na koma Chetimari da kaina na roƙo ƙanjamammen. Ya yi aikinsa, ba ruwansa da baƙunta, sai dai lokaci ya ƙure. Tumakin unguwa suka haihu a tsakiyar zafi, ba ciyawa ba nono, Ya Fanna ta rasa ɗan tunkiya guda, ta kuma daina gaishe ni har damina.

Shi kuwa balami ya koma gida ya ninka ƙiba da harawar talakawa. Ranar Sallah Baba ya aiko mana da cinya guda, kitse har ɗiga yake. Na kai wa Ya Fanna rabi, ta karɓa ta ce ai dama nata ne.

Tun daga nan, ko kaza zan aro sai na ɗaga ta na duba. Idan kuwa surukina ya yi tari, ba na ce masa sannu, sunkuyawa nake.